Minti Bakwai da Inci Biyu

Shekarunsa arba'in da tara, ashirin da bakwai daga ciki a kan keken ɗinki ya yi su. Yana da mata da 'ya'ya biyar, da shago mai ƙofa ɗaya tsakanin mai aski da mai gyaran waya. Nauyinsa kilo ɗari da uku, ƙugunsa inci arba'in da huɗu. Sunan da kowa ke kiransa da shi Tsinke.

Lokacin da aka raɗa masa sunan ba zolaya ba ce. Mahaifiyarsu, wadda suke kira Inna, ta ce har ya kai shekara ashirin in ya tsaya a jikin ƙyaure sai an duba sau biyu kafin a gan shi. Ƙanensa da ke bi masa, wanda Tsinke ya girme shi da shekara uku, shi ne ya zo duniya da kumatu da wuya mai ninki, aka sa masa Tulu. Haka suka tashi, Tsinke da Tulu, kowa da matsayinsa. In aka raba abinci a ce Tulu ya yi haƙuri. In aka ga wandon da ya yi wa kowa kaɗan a ce a kai wa Tsinke. Zaman keke da shayi mai sukari cokali uku suka yi aikinsu a hankali, shekara bayan shekara, amma sunan bai motsa ba. Ko da tumbin Tsinke ya fara taɓa bakin teburin keke, yana da abin kwantar da hankali guda ɗaya, wato a gidansu akwai wanda ake kira mai ƙiba, kuma ba shi ba ne.

A sana'arsa an san shi da abu biyu. Na farko maganar da ba ya gajiya da faɗa wa duk wanda ya yi gardamar awo: “Tef ba ya ƙarya.” Na biyu kuwa, duk wandon namiji da ya ɗinka sai ya bar rarar yadi inci biyu a naɗe a ɗinkin baya. Hujjarsa ita ce magidanci gaba yake yi, ba ya baya. Bayan shekara ɗaya ko biyu mai wando zai dawo yana kame-kame, ya ce yadin ne ya tsuke a wanki, shi kuma ya sa reza ya farke, ya saki rarar, kowa ya rabu da kowa da mutunci. Littafin awonsa mai baƙin bango ya gaskata shi. Shafi bayan shafi, lambobin ƙugu hawa suke yi.

Shafin Tulu ne ya fara saɓa wa littafin. Wata takwas da suka wuce yana kan arba'in da biyu. Ya kawo wando biyu a rage masa, aka auna, arba'in da ɗaya. Tsinke ya ce zazzaɓi ne, zai dawo. Bayan wata uku aka sake aunawa, talatin da tara. Daga nan talatin da bakwai. Wuyan nan mai ninki ya miƙe, ƙashin haɓa ya fito, mutumin da ke aiki a shagon sayar da fenti ya fara soke riga a cikin wando, abin da bai taɓa yi ba tun yana makaranta.

Mai aski, wanda bangonsu ɗaya da Tsinke, ya ce shi ya fara lura da abin da ke faruwa. Duk ranar da Tulu ya zo ya tafi, keken maƙwabcinsa yakan yi gudu fiye da kima, kuma ba a jin rediyo.

Abin da ya fi yi masa ciwo a ɗakin Inna ya faru. Duk ƙarshen mako 'ya'yanta sukan taru a wurinta, a gidan da take zaune tare da Tulu da iyalinsa. Idonta ya yi rauni, inuwar mutum take gani kafin fuskarsa. A wata irin wannan haɗuwa Tsinke ya tsaya a bakin ƙofa yana cire takalmi, ya tare hasken gaba ɗaya.

“Tulu, shigo mana, ka tsaya ka rufe mana iska,” in ji ta.

Tulu yana zaune a gefenta, yana ɓare mata lemo. Ƙannensu mata biyu suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

“Inna, ni ne,” in ji Tsinke.

“Au, kai ne? To ai sai ku yi musaya. Suna ba gado ba ne.”

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Matarsa ta ce da suka koma gida bai ci abinci ba, abin da ta ce ba ta taɓa gani ba ko ranar da aka cire masa haƙori.

Bai tambayi ƙanensa kai tsaye ba, don yaya ba ya neman sirri wurin ƙane. Ya bari sai da Tulu ya zo shago, ya ce da shi yana datse zare, ba tare da ya ɗago kai ba, “Wai maganin me kake sha ne? Ka bi a hankali, waɗannan masu sa rama ƙoda suke ci.”

“Wane magani, Yaya? Minti bakwai ne kawai.”

Ya ciro waya ya nuna masa. Wani saurayi ne a cikin ɗaki mai farin bango, yana tsalle yana buɗe ƙafafu, ya faɗi ƙasa ya dogara da hannu, ya miƙe, ya tsuguna, ya sake tsalle. Motsi goma sha biyu, kowanne daƙiƙa talatin, da hutun daƙiƙa goma a tsakani. A saman hoton an rubuta da manyan jajayen haruffa cewa wannan yana ƙona kalori ɗari biyar.

“Kullum da safe nake yi,” in ji Tulu.

“Gwale-gwalen da aka sa mu a firamare muna kuka, shi ne yanzu ka ɗauko da kuɗin datarka? Allah ya ba da lafiya.”

Kafin Tulu ya kai bakin titi, Tsinke ya leƙa wurin mai gyaran waya ya ce a nemo masa wani bidiyo, wai wani kwastoma ne ya tambaya.

Washegari ya fito gida da rabin awa kafin lokacinsa. Ya shiga shago ya janyo ƙofa ya bar ɗan tsagi, ya tura teburin yanka jikin bango, ya shimfiɗa kwalin firji a ƙasa, ya jingina wayar a jikin keke. Ranar farko a motsi na biyar ya tsaya, ya zauna a kan kwalin yana haki, yana jin bugun zuciyarsa a cikin kunne. Rana ta huɗu ya kai na tara. Ranar da ta cika mako biyu ya gama duka goma sha biyun. Mai aski ya ce duk tsalle ɗaya sai madubinsa ya girgiza, kwalaben turare su yi ƙara. Da ya tambaya, Tsinke ya ce ɓera yake kora.

“Wannan ɓeran kullum ƙarfe bakwai yake zuwa?” in ji mai aski. “Ya fi ni kiyaye lokaci.”

A nan ne Tsinke ya yi lissafin da shi kansa yanzu yake ba da labarinsa ba tare da dariya ba. Bayan tsallen yakan ji maƙogwaronsa ya bushe. Ya sayi lemon kwalba mai sanyi, babba, ya juya bayan kwalbar ya karanta: kalori ɗari biyu da goma. Ya cire daga ɗari biyar, saura ɗari biyu da casa'in. Ya ga ashe har da wurin biredi da bota, kuma duk da haka yana kan gaba. Wannan kuwa ƙari ne a kan karin kumallon da matarsa ke aiko masa da shi ƙarfe tara. Mutumin da ya yi gumi irin wannan, a ganinsa, ya cancanci a tausaya masa.

Ya yi mako shida bai fasa ko rana ɗaya ba. Ranar da ya cika, ya rufe ƙofa ya zagaya tef a ƙugunsa. Arba'in da huɗu da rabi. Ya saki numfashi ya tsuke ciki ya sake aunawa. Ya ɗauko sabon tef daga aljihun tebur, wanda bai taɓa amfani da shi ba. Arba'in da huɗu da rabi.

A makon ne Tulu ya shigo da yadi uku a leda, toka-toka da baƙi da ruwan ƙasa. Ya ce tsofaffin wandunan sun gaji da ragewa, aljihunan baya har sun kusa haɗuwa, matarsa ta ce a ɗinka sababbi. Ya ɗaga hannuwa, yayansa ya zagaya masa tef. Talatin da shida.

“Nawa, Yaya?”

“Na rubuta,” in ji Tsinke.

Ya rubuta talatin da shida, gaskiya ne. Amma ranar da ya shimfiɗa yadin ya ɗauki alli, sai ya ja layin ɗinki a kan talatin da huɗu. Ya ce bai shirya yin haka ba tun daga gida, kuma bai ce hannunsa ne ya kuɓuce ba. Ya ce ya tsaya ya dubi layin, ya san abin da yake yi, ya hau keke ya bi shi. Duka ukun haka ya yi musu.

Tulu ya zo karɓa ranar Laraba da yamma. Ya shiga bayan labule, aka ji shiru, sannan aka ji nishi. Ya fito riƙe da bakin wandon, maɓalli da kafarsa sun ƙi gaisawa.

“Yaya, anya ba a yi kuskure ba?”

“A shekara ashirin da bakwai ka taɓa jin an dawo min da wando saboda awo?”

“A'a.”

“To tef ba ya ƙarya. Jiki ne. Dama irin wannan ramar ba ta zama, kamar ruwan sama ne a kan kwano. Ka fara komawa gida, Tulu.”

Tulu bai yi musu ba. Da wani tela ne da ya nemi a sake aunawa a gabansa. Amma wannan yayansa ne, wanda ya ɗinka masa kayan makaranta da wandon da ya fara zuwa neman aiki da shi. Ya naɗe wandunan ya sa a leda, ya yi godiya ya fita. Tsinke ya ce a daidai lokacin ya ji wani sanyi a ransa, kuma sanyin bai kai shi ko rufe shago ba.

Abin da Tulu ya yi bayan nan matarsa ce ta ba da labari. Ya mayar da minti bakwai sau uku a rana. Ya daina karin kumallo, ya daina cin abincin rana, sai ruwa da 'yar gyaɗa. Kullum da safe sai ya gwada wandon toka-tokan, ya cire, ya rataye. Kwana goma sha ɗaya ana haka. A na goma sha biyu yana kan tsani a shagon fenti, yana sauko da bokiti daga kanta ta sama, jiri ya ɗebe shi. Mataki uku ne kawai zuwa ƙasa. Ya gurɗe a wuyan hannu, goshinsa ya fashe, aka yi masa ɗinki huɗu.

Asibitin da aka kai shi nan ne 'yar Tsinke ta fari take aikin jinya. A gida Nas ake ce mata. Ita ta ɗora baffanta a sikeli, ta ga kilo tamanin da ɗaya, ƙasa da duk abin da ya taɓa kaiwa. Ta tambaye shi dalilin zama da yunwa, ya ce ƙiba ce ke dawowa, wando ya shaida. Ta aika gida aka kawo wandon.

Washegari da hantsi ta shigo shagon mahaifinta da leda a hannu. Ta gaishe shi yadda ta saba, ta tambayi aiki, ta ɗauki tef ɗin da ke rataye a wuyan keke. Ta shimfiɗa wandon a kan tebur ta auna bakinsa a gabansa, sannan ta buɗe baƙin littafin ta ɗora yatsa a kan shafin Tulu.

“Yadin ne ya tsuke,” in ji Tsinke.

“Ba a wanke shi ba, Baba.”

Ya zauna. Idonta ya kai kan kwalin firjin da ke jingine a bayan ƙofa, da kwalabe bakwai da ke jere a ƙarƙashin tebur. Ta tambaya, ya gaya mata komai, har da lissafin ɗari biyar. Ya ce abin da ya kasa haɗiyewa shi ne, uwa ɗaya uba ɗaya, bidiyo ɗaya, minti bakwai ɗaya, wani na narkewa wani na kumbura.

Nas ta ɗauki allinsa ta juya wani guntun baƙin yadi ta fara rubutu. Ta ce a cikin minti bakwan nan, in an cire hutu, minti shida ne na aiki. Mutum mai nauyinsa, in ya ba da ƙarfinsa duka, yana ƙona kalori goma sha biyu zuwa goma sha huɗu a minti. Ya kama saba'in da wani abu zuwa tamanin da wani abu.

“Ai an ce jiki yana ci gaba da ƙonawa bayan an gama,” in ji shi.

“Yana yi. Goma, in an yi sa'a goma sha biyar. Mu yi maka alheri mu ce ɗari gaba ɗaya.”

“Ɗari biyar ɗin fa?”

“Wanda ya rubuta yana son a kalli bidiyonsa ne, Baba. Ɗari biyar sai ka yi kusan minti arba'in kana wannan tsallen ba tsayawa, kuma kafin nan an kawo mana kai.”

Ta rubuta ɗari a gefe ɗaya, ta rubuta ɗari biyu da goma a ɗaya gefen, ta ƙara kusan ɗari biyu da hamsin na biredi da bota. Ta ce kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori wajen dubu bakwai da ɗari bakwai. Wato ko bai ƙara lomar komai ba, sai ya yi kwana saba'in da bakwai yana girgiza madubin mai aski kafin kilo ɗaya ya tafi. Ta ce tsallen ba banza ba ne, yana ƙarfafa zuciya da tsoka, kuma ai shi da kansa ya ga ya daina haki a kan matakala. Amma ga mai shekarunsa da nauyinsa ya kamata a duba hawan jininsa da gwiwoyinsa tukuna, kuma ba da shi kaɗai ake rage ƙugu ba.

“To shi da me ya rage?”

“Wannan sai ka tambaye shi. Ka tafi masa da wandonsa.”

Da ta fita ya juya wandon ciki waje. A ɗinkin baya, a naɗe, ga rarar inci biyun nan. Ko a ranar da ya ja layin ƙarya, hannunsa bai yarda ya yanke ta ba. Ya sa reza ya farke duka ukun, ya mayar da su kan talatin da shida, ya goge.

Ya sami Tulu a ɗakin Inna, hannu a naɗe da bandeji, goshi da filasta. Inna tana barcin rana a kan gado. Tulu ya karɓi ledar, ya shiga ɗaya ɗakin, ya dawo sanye da toka-tokan. Maɓalli ya shiga, har da wurin sa yatsa biyu.

“Yaya, tef ɗin ne ya yi ƙarya, ko yadin ne ya huce?”

“Telan ne.”

Tulu ya zauna a hankali saboda hannun.

“Da ka ce min sunan kake so a bar maka, ai da na bar maka. Ni ban taɓa cewa a daina ce min Tulu ba.”

“Ba suna ba ne.”

“To mene ne?”

Tsinke ya kawar da zancen. Ya tambaye shi abin da Nas ta ce ya tambaya. Tulu ya sosa ƙeya da hannun mai lafiya, ya ce akwai abin da shi ma bai faɗa ba. Babur ɗin nan da Yaya ya hana shi saya, ya ce injinsa ya gaji, wata tara ke nan da ya buga. Kunyar a ce an gaya masa ta sa ya yi shiru, ya koma tafiya shagon fenti a ƙasa, kilomita huɗu zuwa, huɗu dawowa, kwana shida a mako. A daidai lokacin kuma wani haƙorinsa na ƙasa ya fara tsami, ko ruwan sanyi ba ya so, balle zaƙi. Lemon kwalba uku da yake sha kullum a shago ya bari, shayi ma ya koma sha ba sukari. Bidiyon daga baya ya zo, wani abokin aikinsa ya tura masa.

“Shi ne ka ce min minti bakwai kawai?”

“To Yaya, in ce maka me? Babur ya mutu, haƙori ya ruɓe, na rame? Wa zai yaba min a kan wannan?”

Daga baya da aka kai wa Nas wannan bayani ta ce tafiyar kaɗai tana cin kalori wajen ɗari huɗu a rana, kwalabe ukun kuma sun haura ɗari shida. Minti bakwan da aka yi ta yi wa kirari shi ne ƙaramin cikinsu.

A ɗakin kuwa a ranar, Inna, wadda aka ɗauka barci take yi, ta ce daga kan gado, “Ku biyun nan tun kuna yara, in na ba ɗaya ƙashi sai ɗayan ya ce nasa ya fi ɓargo.”

Wata ɗaya ke nan da wannan. Tsinke ya je an auna jininsa, an ce ya ɗan hau, ya rage tsalle ya ƙara tafiya. Makullin babur ɗinsa yana hannun matarsa, da sharaɗin kada ta ba shi ko ya roƙa, kuma ta ce ya roƙa sau biyu. Daga gidansa zuwa shago minti talatin da biyar ne a ƙafa. Yana yin minti bakwansa kwana uku a mako, ya bi da ruwa. Shayin ya sauko zuwa cokali ɗaya, yana sha yana ɓata fuska. Mai aski ya fara kiransa Tsinken Dawa, mai gyaran waya kuma Tulu Babba, duka biyun yana amsawa.

Ba ya cewa ƙyashin ya tafi. Ya ce har yanzu in ya ga ƙanensa ya soke riga sai ya kau da kai, kuma ya taɓa zama ya lalubi haƙoransa da harshe ɗaya bayan ɗaya ko zai sami mai tsami.

Jiya da safe ya auna kansa, arba'in da uku da rabi, ya buɗe sabon shafi a baƙin littafin ya rubuta, karo na farko da awonsa ya shiga ciki. Da hantsi Tulu ya biyo da yadin riga, an cire masa bandeji. Tsinke ya zagaya masa tef, ya juyo da lambar ta fuskanci mai ita don ya gani da idonsa. Talatin da biyar. Ya rubuta talatin da biyar, ya danne biron har ya huda takardar.